Walter Brennan da Sana'ar Tsufa a Siliman Amurka

Masu zuwa kallon silima a Kano da Kaduna da Jos, a zamanin da fina-finan kaboyi su ke tashe, sun kasa mutanen da ke cikin fim kashi biyu. Akwai akta, watau jarumin da labari ya ke tafiya a kansa, wanda kowa ya san ba zai mutu ba. Akwai kuma bos, watau ubangidan miyagu, wanda shi ma ba ya mutuwa sai an kusa tashi. Amma akwai wani mutum na uku da kusan kowane fim ba ya rasa shi, wanda 'yan kallo ba su raɗa masa suna ba. Sai dai a kwatanta shi, a ce tsohon nan mai wawulo, ko gurgun nan mai surutu, ko kukun nan da ya ishi akta da mita. Ba dominsa aka yi fim ɗin ba, ba a kuma buga hotonsa babba a jikin takardar talla, amma in aka cire shi sai labarin ya zama kamar miyar da ba daddawa.

Masu sana'ar fim a Amurka suna da suna na musamman ga irin wannan mutum, wanda ma'anarsa ita ce mai wasan hali, da haka kuwa za a kira shi a nan. Bambancinsa da tauraro a fili ya ke. Tauraro kansa ya ke sayarwa. Wanda ya biya kuɗi don ya ga Gary Cooper ko John Wayne, su ɗin ya zo gani, ko wane suna aka ba su a cikin labari, in kuma suka sake kama ƙwarai sai ya ga an cuce shi. Mai wasan hali kuwa abin da ya ke sayarwa wani irin mutum ne da jama'a suka riga suka sani a kasuwa ko a unguwa, kamar mashayi, ko marowaci, ko alƙalin ƙauye, ko tsohon soja. Aikinsa shi ne ya shigo, cikin minti biyu ko uku ya sa a gane ko wane ne shi, a kuma yarda da shi, sa'an nan ya ja da baya ya bar wa tauraro fili.

Daga cikin waɗanda suka yi wannan sana'a tsakanin 1930 da 1970 babu wanda ya kai Walter Brennan samun ɗaukaka. Shi ne ɗan wasa na farko da ya ci lambar Oscar sau uku, har yau kuma babu wanda ya ci ta mataimakin jarumi sau uku in ba shi ba. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne hanyar da ya bi. Yana da shekara 40 a duniya ya riga ya zama tsoho tukuf a idon 'yan kallo, ya kuwa yi ta cin abinci da wannan tsufa na aro har wajen shekara 40, har na gaske ya zo ya tarar da shi yana kan na wasa.

An haife shi ran 25 ga Yuli, 1894, a garin Lynn cikin jihar Massachusetts, iyayensa kuwa 'yan asalin Ailan ne. Ya kamata a lura da wannan, domin mutumin da duniya ta sani a kan doki cikin ƙurar Teksas, ɗan bakin teku ne daga kusa da Boston, can ƙuryar arewa maso gabas. Karin harshen ƙauye da aka san shi da shi koyonsa ya yi, kamar yadda ya koyi sauran kayan aikinsa. Ya yi karatu a makarantar koyon sana'a ta Rindge a Cambridge, ya taɓa aikin akawu a banki. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 sai ya shiga soja, aka kai shi Faransa cikin rundunar igwa ta 101. A can ne ya shaƙi iskar guba, wadda a ke danganta siririyar muryar nan tasa mai rawa da ita. Ya yi aure a 1920, ya koma Los Angeles ya shiga dillancin filaye, ya tara abin da ya tara, kasuwar ta faɗi a 1925 ta tafi da shi duka. Yunwa ce ta kai shi ƙofar masu fim.

Ta ƙasa ya shiga, watau cikin 'yan cika taro. Waɗannan su ne mutanen da a ke ɗauka kwana-kwana don su zama jama'ar kasuwa, ko sojojin da a ke karkashewa daga nesa, ko masu zaman mashaya a bayan jarumi. Ba su magana, ba a rubuta sunansu, ladansu kuwa na yini ne. Brennan ya fara da dala 7.50 a kamfanin Universal. Ya yi kusan shekara 10 a wannan hali, wani lokaci ya yi faɗuwa daga kan doki a madadin wani, wani lokaci a ba shi kalma biyu ko uku. Mai ido zai iya tsinto shi a The Invisible Man na 1933, inda ya fito a matsayin mutumin da aka ɗauke wa keke, da kuma Bride of Frankenstein na 1935. Abin da ya taimake shi shi ne shigowar sauti cikin fim daga 1927. Sa'ad da fim ya ke bebe, kyan fuska da iya motsi su ne jari. Da ya fara magana sai aka shiga neman masu iya juya harshe, waɗanda za su yi maganar Bajamushe yau, gobe ta makiyayi. Brennan kuwa mutum ne mai kunne, ya kan saurari mutane ya kwashe yadda su ke furuci.

A 1932 ya gamu da hatsari a wajen ɗaukar wani fim, ya rasa yawancin haƙoransa. Ga mai neman zama tauraro wannan ƙarshen zance ke nan. Shi kuwa ga shi siriri, gashinsa ya soma kaɗewa, ga murya mai rawa, yanzu kuma ga baki ya shige ciki. In ya sa haƙoran roba ya zama magidanci mai shekara 38, in ya cire su ya zama ɗan 70. Watau dai mutum biyu aka samu a kan ladan mutum ɗaya. Labari ya shahara a Hollywood cewa in aka kira shi aiki ya kan tambayi darekta tukuna, da haƙora a ke so ko babu.

Kafin a ci gaba, sai an ɗan bayyana yadda a ke tafiyar da sana'ar fim a wancan zamani, domin ita ta haifi masu wasan hali da yawa haka. Manyan kamfanoni irin su MGM da Paramount da Warner su ke yin fim, su ke rarraba shi, su ne kuma masu ɗimbin gidajen silima. Kowane gida yana bukatar sabon fim mako-mako, saboda haka kamfani ɗaya ya kan fitar da fim 40 ko 50 a shekara. Ba a iya yin irin wannan aiki da sababbin mutane kullum. Sai aka ajiye 'yan wasa bisa yarjejeniya, galibi ta shekara 7, ana biyansu mako-mako kamar ma'aikatan ofis, kowa da irin gurbin da a ke sa shi. In marubuci ya rubuta likita mashayi ko mai otel matsoraci, an riga an san wanda za a kira, 'yan kallo ma da ganin fuskar sun san halin, ba sai an ɓata lokaci wajen gabatarwa ba. Wannan ya kawo sauƙi da arha, amma ya zama tarko, domin wanda aka sani da gurbi guda da wuya a bar shi ya fita daga ciki.

Brennan bai faɗa hannun waɗannan manya ba. Samuel Goldwyn ne ya ɗauke shi, mutumin da ke shirya fim don kansa, 'yan kaɗan a shekara, masu tsada. A 1935 ya fito a The Wedding Night tare da Gary Cooper, sa'an nan a Barbary Coast na Howard Hawks, inda ya zama wani tsohon ɗan kwale-kwale mai ido ɗaya, maƙaryaci, a San Francisco zamanin haƙar zinariya. Daga nan bai sake zama ɗan cika taro ba. Da ya ke Goldwyn ba shi da aikin da zai ishe shi duk shekara, sai ya riƙa ba da aronsa ga wasu kamfanoni, ta haka Brennan ya yi aiki da darektoci iri-iri, har da baƙi daga Turai irin su Fritz Lang da Jean Renoir. Wannan yawo ya kare shi daga tarkon nan na gurbi guda, na ɗan lokaci.

Ya kuma yi sa'ar lokaci. Tun 1929 a ke ba da lambar Oscar, amma sai a kan fina-finan 1936 aka fara ware ta mataimaka, ba ma mutum-mutumin zinariya a ke ba su ba a shekarun farko, ɗan allo ne mai rubutu. Brennan ne ya ci ta farko, saboda Come and Get It, inda ya fito a matsayin Swan Bostrom, mai saran katako ɗan asalin Suwidin, wanda ya auri matar da abokinsa ya yasar don neman dukiya. Ya sake ci a kan Kentucky na 1938, yana da shekara 44, a matsayin wani dattijo masanin dawaki da ya riƙe gabar yaƙin basasa tun yana yaro. Ta uku ta zo a kan The Westerner na 1940. Lamba uku ke nan cikin shekara 5. An sa sunansa karo na huɗu saboda Sergeant York na 1941, amma Donald Crisp ya ɗauke.

Masu sukar wannan nasara sun daɗe suna cewa 'yan cika taro ne suka ba shi, domin a wasu daga cikin shekarun nan an ba su damar jefa ƙuri'a, suna da yawa ƙwarai, shi kuwa nasu ne. Daga baya ma an karɓe musu wannan dama. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba game da Kentucky. Fim ne mai kyan launi, amma ba wani nauyi gare shi ba, wasan Brennan a ciki kuma hayaniya ta yi masa yawa, ga shi a shekarar akwai John Garfield cikin 'yan takara. Amma wanda ya kalli The Westerner ba zai ce alfarma aka yi ba.

Labarin fim ɗin ya faru ne a yammacin Teksas, inda rikici ya ke tsakanin masu shanu da manoman da suka zo suka shinge ƙasa da waya. Brennan shi ne Roy Bean, mutumin da ya taɓa rayuwa da gaske ya mutu a 1903, wanda ya ke shari'a a cikin mashayarsa, teburin sayar da giya shi ne kujerar alƙali. A fim ɗin yana bayan masu shanu, ya kan yanke hukuncin rataya kafin a gama kawo ƙara, ya ci tarar gawa daidai da abin da aka tarar a aljihunta. Abu guda ne ya ke da taushi a kansa, watau wata 'yar wasan Ingila mai suna Lily Langtry, wadda bai taɓa gani ba sai a hoto. Aka kawo masa wani baƙo, Gary Cooper, bisa zargin satar doki. Da baƙon ya lura da hotunan da ke jikin bango sai ya ce ai ya san matar, har yana da ɗan gashin kanta a ajiye. Nan take aka ɗage rataya.

A wannan wuri ne a ke ganin gwanintar Brennan. Ya san baƙon nan mai yiwuwa ƙarya ya ke yi, yana kuma so ƙaryar ta zama gaskiya, duka biyun suna fuskarsa a lokaci guda. Idon ya ƙanƙance irin na mai cinikin doki, bakin kuwa ya saki irin na yaron da aka yi wa alkawarin alewa. Bai sassauta muguntar mutumin don a so shi ba. Alƙalin nan da a ke dariya da shi, shi ne ya sa aka ƙone gonakin manoma bayan ya yi alkawarin zaman lafiya, aka kashe mutane. A ƙarshe, da Lily Langtry ta zo wasa wani gari na kusa, ya saye tikitin gidan duka, ya sa tsohuwar rigarsa ta sojan Kudu, ya zauna shi kaɗai yana jira. Da labule ya buɗe sai ga baƙon nan da bindiga. Bayan an harbe shi, abokin gabar tasa ne ya tallabe shi ya kai shi bayan dandali ya ga matar, ya mutu yana kallonta. William Wyler ne ya shirya fim ɗin. Cooper da kansa ya yi jinkirin karɓar aikin, don ya ga labarin na alƙali ne. Bai kuwa yi kuskure ba. Sunan mataimaki kawai aka ba Brennan, amma fim ɗin nasa ne.

Duk da haka ba da irin wannan aka fi tuna shi ba. An fi tuna shi da abokin tafiyar jarumi, gurbin da Howard Hawks ya fi kowa sanin amfaninsa. Fim 6 suka yi tare. Jarumin Hawks mutum ne mai taurin kai, marar yawan magana, wanda ba ya faɗin abin da ke ransa. Irin wannan mutum in aka bar shi shi kaɗai sai ya zama dutse, 'yan kallo su rasa ta inda za su shiga zuciyarsa. Tsohon da ke gefensa shi ne ƙofa. Ta yadda jarumi ya ke haƙuri da shi, ko ya ke tsare shi, a ke gane yana da tausayi. Ta bakin tsohon kuma a ke jin gaskiyar da ba wanda ya isa ya gaya wa jarumi. Hausawa ba za su rasa gane wannan ba, domin ya yi kama da wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda a ke faɗin magana mai zafi cikin raha, ba wanda ya isa ya yi fushi.

A To Have and Have Not na 1944 shi ne Eddie, mashayin da ke bin Humphrey Bogart a jirgin ruwansa a tsibirin Martinik. Ya ƙirƙiro masa wata tafiya mai tsalle-tsalle, kamar ƙasa tana ƙona masa ƙafa, da wata tambaya marar kai da ya ke yi wa kowane baƙo a kan harbin mataccen ƙudan zuma. Tambayar gwaji ce: mai girman kai ya kan kore shi, mai hankali ya biye masa, da haka a ke sanin na kirki a cikin labarin. A Red River na 1948 shi ne Groot, kukun ayarin masu koren shanu daga Teksas. A nan Hawks ya mai da haƙoran nan abin dariya a fili, domin Groot ya yi caca da rabin haƙoransa na roba ya faɗi, wanda ya ci kuwa, wani Ba'indiyen Amurka da ke cikin ayarin, ba ya ba shi su sai lokacin cin abinci. Amma wannan tsoho abin dariya shi ne ya dubi John Wayne, sa'ad da mulki ya hau masa kai ya fara harbin mutanensa, ya ce masa bai yi daidai ba. Da ayarin ya yi wa Wayne tawaye, Groot ya bi masu tawaye, tafiyarsa kuwa ita ce ta nuna wa 'yan kallo inda gaskiya ta koma.

Rio Bravo na 1959 shi ne cikar wannan layi. Brennan, yana da shekara 64, ya fito a matsayin Stumpy, gurgu mai gadin kurkuku, wanda wani attajirin mai shanu ya ƙwace wa ƙasa. Yini ya ke yi a bayan ƙarafa yana mita ba a gaya masa kome, ba a gode masa, har ya kusa harbe Dean Martin don ya yi wanka ya yi aski bai gane shi ba. Ranar faɗa aka ce ya zauna a gida saboda ƙafarsa; ya ƙi, ya ɗingisa ya je, shi ne kuma ya riƙa jefa nakiya ana harbinta har miyagun suka ba da kai. Ɗingishin nan na wasa ne, ƙafarsa lafiya lau ta ke.

Malaman da ke koya wa ɗalibai wasan kwaikwayo za su sami abin dubawa a nan. Yawanci in aka ce yaro ya fito a tsoho, sai ya manna auduga a haɓa, ya tanƙware, ya riƙa karkarwa, tsoho ɗaya ke nan a kowane wasa. Tsofaffin Brennan kuwa ba su kama da juna. Eddie tsalle ya ke yi, Stumpy jan ƙafa ya ke yi, Roy Bean a miƙe ya ke tafiya kamar mai sarauta. Kowannensu da abin da ya ke so da abin da ya ke tsoro, daga nan tafiyar da muryar su ke fitowa.

Sau ɗaya tak ya yi aiki da John Ford, ba su kuwa jitu ba, amma abin da suka fitar yana cikin mafi kyawun aikinsa. A My Darling Clementine na 1946 shi ne tsoho Clanton, uban ɓarayin shanu a garin Tombstone, Henry Fonda kuma shi ne Wyatt Earp. Babu raha ko kaɗan a nan. Muryar nan da aka saba dariya da ita ya sauke ta ƙasa, ya rage magana, ya bar ido yana aiki. Akwai inda ya zane 'ya'yansa, ƙarti masu gemu, da bulala, don sun zare bindiga ba su kashe ba. Akwai inda ya harbi ƙanen Earp ta baya a cikin gidansa, gawar ɗansa tana kwance a gefe. Ba tarihi ba ne sosai, domin Clanton na gaske an kashe shi tun watan Agusta na 1881, kafin faɗan O.K. Corral na watan Oktoba. Amma fim ɗin ya nuna cewa kayan aikin da su ke sa a ƙaunaci tsoho, su ne kuma za su sa a ji tsoronsa in aka ɗan juya su. Abin takaici ne da ba a ba shi irin wannan gurbi da yawa ba.

Ana cikin haka sana'ar ta sake. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen silimansu, talabijin kuma ya shigo ya tsare mutane a gida. Yawan fina-finai ya ragu, aka daina ajiye 'yan wasa ana biyansu mako-mako, masu wasan hali da dama suka koma neman aiki ɗaiɗai. Brennan bai rasa aiki ba. Ya fito a The Far Country tare da James Stewart, da Bad Day at Black Rock na 1955 tare da Spencer Tracy, inda ya zama likitan wani ɗan gari da ya ɓoye kisan wani manomi ɗan asalin Japan. Amma a 1957 shi ma ya shiga talabijin, cikin shirin The Real McCoys, labarin wasu mutanen dutse daga West Virginia da suka koma noma a Kalifoniya. Shi ne Kaka Amos, mai faɗa da ɗingishi da zuciya mai kyau. Shirin ya yi shekara 6, har 1963, kashi fiye da 200.

A nan ne tarkon da ya tsallake a zamanin Goldwyn ya kama shi. Fim ya kan ƙare cikin sa'a biyu, a sake wani da sabon hali. Shirin mako-mako kuwa hali ɗaya ya ke so, a maimaita shi har abada. Ya sami kuɗi da suna fiye da duk abin da lambobin nan uku suka kawo masa, ya kuma zama shi ne kan gaba. Amma Amurkawan da suka tashi a lokacin ba su san Roy Bean ko Clanton ba, Kaka Amos suka sani, masu kwaikwayon murya kuma suka mai da shi abin wasansu. Har faifai ya yi, ba waƙa ya ke rerawa ba, labari ya ke ba da da muryar tsohon nan a kan kiɗa. Ɗaya daga ciki, Old Rivers, ya kai na 5 a jerin faya-fayan da aka fi saye a 1962. Wasu shirye-shiryen suka biyo, kamar The Guns of Will Sonnett daga 1967 zuwa 1969, kusan duka kaka ne ko makamancinsa.

Mutumin da ke bayan wannan fuska kuwa daban ya ke da ita. Attajiri ne mai lissafi, yana da babban wurin kiwo kusa da garin Joseph a jihar Oregon, inda ya gina masauki da gidan silima. A siyasa mai tsananin ra'ayin riƙau ne, mai ƙin kwaminisanci, a zaɓen 1968 kuma ya goyi bayan George Wallace, tsohon gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata. Wanda ya san shi a talabijin kawai ba zai zaci haka ba, domin aikin mai wasan hali ke nan tun asali, ya sa a ɗauka shi ne mutumin da a ke gani.

Sau ɗaya ya waiwayi tsohon aikinsa ya yi masa dariya. A Support Your Local Sheriff na 1969 ya sake fitowa uban 'yan ta'adda masu ƙarancin hankali, Clanton sak, sai dai wannan karon da ya zare bindiga, James Garner ya cusa yatsa a bakinta, tsohon ya tsaya sororo ya rasa abin yi. Ciwon huhu ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Oxnard cikin Kalifoniya ran 21 ga Satumba, 1974, yana da shekara 80. Fim ɗinsa na ƙarshe, Smoke in the Wind, na kaboyi ne, ya fito a 1975.